Mai Shinshina Tankin Masai

A filin sayar da tsofaffin motoci masu ɗakin kwana a garin Toowoomba na ƙasar Ostireliya, ga wani dattijo nan da gajeren wando, tumbi ya leƙo ta ƙasan singileti, yana riƙe da mitfai, romo na ɗiga. Kowa na ƙwanƙwasa bango, yana duba firji da murhu. Shi kuwa gogan naka sai ya durƙusa a gefen mota, ya zaro tankin masai, ya buɗe murfi, ya kafa hanci ya ja numfashi har cikin ƙirji. Da hannun nan kuma ya kai mitfai baki. Tir!

Da gani shi da matarsa sun sayar da gida, a motar da suka zaɓa yau za su ƙarasa tsufa. Matarsa na gefe, ta rufe fuska da malafa.

"Raelene, zo ki ji! Masu wannan sun san tsafta. Ita za mu ɗauka."

"Haba Nev, mutane na kallo!"

Ya miƙo mata tankin. Ta ja da baya, ta dubi dillali.

"Ɗana, ba ku da mai gado biyu? Ɗaya gaba, ɗaya can ƙurya."