Hitar da Umma Ta Ƙi a Canza

Wata safiya cikin sanyin Janairun 2008, ina 'yar shekara takwas, ina tsaye a kan kifaffen bokiti a banɗakinmu na unguwar Xiaobei, cikin birnin Guangzhou, ina leƙen cikin hitar ruwanmu ta wata 'yar taga da ba ta fi kwabo faɗi ba. A ciki harsunan wuta shuɗaye sun yi sahu kamar masu sallar Idi, suna ɗan rangaji. Kusa da ni dattijon mai gyara ne, wanda kowa ke kira Shifu, yana goge baƙin hannunsa da tsumma yana girgiza kai. Umma na bakin ƙofa da tsohon ciki, ta lulluɓa da mayafi biyu. Da yake ni ce ke zuwa makarantar Sinawa, ni ce tafinta. Na ce mata Shifu ya ce wannan hitar ta ci zamaninta ta shiga na wasu, a sayi sabuwa. Umma ta kalle shi, ta kalli hitar, ta ce, "Ki ce masa ya gyara. Baƙo raɓa ne, mu da za mu tafi gida bayan Sallah."

Tun ina goye muke tafiya gida bayan Sallah. Abba ya zo Guangzhou ne da niyyar wata shida, ya sayi wandunan jins a Xintang ya tura Kano, sai wata shida ta haifi shekara, ya kama ɗan ofis a benen Tianxiu, ya aika aka kawo mu. Umma ta zo, amma zuciyarta tana Gwale, a tsakar gidan mahaifiyarta. Akwatunanta na aure suna jibge a saman kabad, ɗaure da igiya, ba a taɓa kwance su ba. Labule ba ta yarda a ɗinka ba, zanenta na atamfa ta rataya a taga. A kwanukan roba muke cin abinci. Duk abin da ya yi kama da zama, Umma ba ta son ganinsa, shi ya sa maganar sabuwar hita take ɓata mata rai fiye da yadda Abba yake zato. Shi ruwan zafi kawai yake nema. Ita kuwa ta san ranar da aka kafa sabon ƙarfe a bangon nan, an kafa ta ita ma.

Hitar a gidan muka tarar da ita, ta riga ta yi jawur da tsatsa. Mai gidan ya ce in muna son sabuwa ga kasuwa nan. Tsohuwa muke ce mata, don tana da halin tsofaffi. In ka buɗe famfo sai ta yi ƙas-ƙas-ƙas tana tunani, wani lokaci ta yi tari ta kama, wani lokaci ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Ka shafa sabulu a fuska, a nan ne take tuna cewa ta gaji, ruwan ƙanƙara ya sauko maka a ƙeya. Sau nawa muka ji Abba ya saki salati daga banɗaki, ya fito da kumfa a kunne yana cewa yau kam ƙarshenta ya zo. Umma ba ta ko ɗaga kai daga tankaɗe, sai ta ce, "Da tsohuwar zuma ake magani, Abban Jidda." Shi kuma ya ce bai taɓa jin zumar da ke sa mura ba.

Ni kam ina son Tsohuwa. Aikina ne in canza mata batir, in goge mata baƙin hayaƙi, in leƙa ta baranda in kira mai gas in tukunya ta ƙare, ya hauro da ita a kafaɗa har benenmu da babu lifta yana haki. In na dawo makaranta, na gama buga 'yar gashin kaza da ƙafa da ƙawayena a tsakar gida, na hau rufin bene na kwaso shanya daga sandunan gora, na yi 'yar carafke da duwatsun da na tsinto a bakin hanya, sai in faki idon Umma in shige banɗaki in buɗe famfo, don kawai in kalli wutar. Ban san Kano ba sai a bakin Umma, saboda haka a cikin 'yar tagar nan na gina tawa. Harsunan wutar su ne gidajen Gwale. Wanda ya fi tsayi gidan kakata ne, mai rijiya da bishiyar darbejiya. Umma ta sha kama ni, ta ja kunnena ta ce gas ba ruwan rijiya ba ne.

Abu ɗaya ne Shifu bai taɓa yin wasa da shi ba. Tsohuwa irin ta dā ce, ba ta da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Tun zuwansa na farko ya buɗe tagar banɗakin ya ɗaure ta da waya a jikin ƙusa. Shekaru suka shuɗe tagar na buɗe, ruwa da iska, har muka daina ganinta. Ni dai na ɗauka haka aka gina ta.

Burin Umma a wannan shekarar shi ne ta je gida ta haihu, mahaifiyarta ta yi mata wankan jego da itace da babbar tukunya, yadda aka yi mata a haihuwata. Ta riga ta ware tsarabar kowa. Sai sabunta takardun zama ya ja lokaci, cikin ya tsufa, jirgi ya ƙi. Ranar da Abba ya faɗa mata, sai ta shiga ɗaki ta zauna tana kallon saman kabad har magariba. Na ji tausayinta sosai, ko da yake a raina murna nake, don ba na son a bar ni da girkin Abba. Ƙanina Sadiƙu ya zo duniya ana saura kwanaki kaɗan sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da gari ke watsewa, shaguna su rufe, kowa ya nufi ƙauyensu, har da Shifu.

Inna Rakiya ce ta karɓi wankan. 'Yar Maraɗi ce, mai tuwon sayarwa, a ɗakinta 'yan kasuwar Nijar da na Kano suke cin abincin rana. Mace ce mai faɗi da murya, wadda ba a yi mata gardama. Ta sa wani fatake ya taho da busasshen ganyen darbejiya daga Kano, ta dama kunun kanwa, ta hana Umma taka sumunti ba takalmi. Ranar da ta fara shiga banɗakinmu ta ga taga a buɗe, iskar hunturu na kaɗawa, sai ta tafa hannu. "Kai, kuna son ku kashe min ɗiya? Mai jego da iska? In sanyi ya shiga ƙashinta, ba ya hita har ta tsuhwa." Ta warware wayar Shifu, ta ja tagar ta rufe, ta tottoshe gefunan da tsofaffin zannuwa, har ƙasan ƙofa ta cusa tsumma. Don ƙauna ta yi, kuma haka uwar Umma za ta yi da tana nan.

Wankan bayan la'asar ne. Sadiƙu na barci a ɗaki, ni ina ciki ina riƙe wa Inna bokiti. Ruwan Tsohuwa bai kai zafin da take so ba, saboda haka ta bar famfo a buɗe yana ta zuba, ta mayar da maɓalli ƙarshe. Tururi ya cika ɗakin har ba na ganin ƙafata. Ƙamshin darbejiya mai ɗaci ya tashi, Inna na tsoma ganye tana fyaɗa wa Umma a baya, Umma na cije leɓe. Da na leƙa 'yar tagata sai na ga garina ya canza launi, gidajen sun koma ruwan ɗorawa kamar rana na faɗuwa a kansu. Ban taɓa ganin sun yi kyau haka ba.

Can Umma ta fara magana a hankali, muryarta kamar daga nesa. Tana kiran sunayen ƙannenta, tana cewa a kore akuya daga bakin turmi. Na zauna a ƙasa na jingina da bango mai ɗumi. Sai ga ni a tsakar gidan Gwale, ƙafata a cikin yashi, guga na sauka rijiya yana bugun gefe, wata tsohuwa da ban taɓa gani ba tana miƙo min ƙosai a takarda tana kiran sunana. Jikina ya yi sakayau. Na ji Inna ta ce kanta na juyawa, bari ta ɗan zauna, na ji kukan jariri can wata unguwa, na yi mamakin uwar da ta bar ɗanta yana kuka haka. Har yau in an tambaye ni lokacin da na fi jin daɗi a yarintata, wannan yammacin ne yake fara zuwa min, kuma ina jin tsoron hakan.

Da ba don hutun Sinawa ba, Abba ba ya dawowa kafin isha. Ranar ya rufe ofis da wuri, ya biya ya sayo wa mai jego gasasshen nama. Ya tarar da Sadiƙu ya yi kuka har ya shiɗe, ruwa na zuba a banɗaki, ba motsin kowa. Ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa. Daga baya ya sha faɗa cewa ya ɗan tsaya, don namiji ba ya faɗa wa mata ana wankan jego, ga kuma dattijuwa a ciki. Allah ya sa kunyar ba ta daɗe ba. Ya bangaje ƙofar, ya fasa tagar da gwiwar hannu, ya jawo mu ɗaya bayan ɗaya zuwa baranda. Na farka a asibiti da roba a hanci da ciwon kai kamar ana daka a ciki. Likita ya ce iskar da hitar ke fitarwa ba ta da wari, barci kawai take sawa.

Da muka dawo gida ba wanda ya kalli Tsohuwa. Inna ta kawo babbar tukunyar tuwonta, a kan murhu ake dafa ruwan, tagogi a buɗe, ita da kanta take buɗewa tana share ido da gefen zane. Abin da ya ba ni mamaki, Abba da ya yi shekaru yana neman wannan rana bai ta da maganar sabuwar hita ba. Da hutu ya ƙare gari ya buɗe, Shifu ya dawo, ya ga tagar da aka fasa, ya ji labari, ya zauna a bakin baho. Ya ce in ana so zai iya wanke mata ciki ya huda bango ya sa mata bututu, za ta ƙara 'yan watanni. Na fassara. Abba ya dubi Umma ya ce, a hankali, 'yan watanni ai sun kai mu Sallah.

Umma na zaune da Sadiƙu a cinya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalle ni. Ta ce, "A'a. A sayo sabuwa, Abban Jidda. Mai kyau, wadda za ta daɗe." Washegari na dawo makaranta na tarar an sauke akwatuna daga kan kabad, igiyoyin na ƙasa, kwanukanta na aure masu furanni jere a kicin, ita kuma tana auna taga da kamu don labule. Mai sayen tsofaffin kaya ya zo da kekensa yana ta kira da lasifika, amma ta hana a ba shi Tsohuwa. Ta wanke ta, ta naɗe a buhu, ta ɗora a inda akwatunan suka tashi.

Sai da na gama jami'a suka koma Kano, kakata ta riga ta rasu. Tsohuwa ta bi su a kwantena. Tana rataye yanzu a ɗakin Umma a Gwale, ba gas ba famfo, turaren wuta Umma take ajiyewa a ciki. Ni na zauna a nan, na yi aure, muna wani bene mai lifta kusa da titin Liuhua Lu, ni da maigidana muna cewa baɗi za mu tattara. Hitarmu ba ta da 'yar taga, lambobi ne jajaye, ba abin da yaro zai gani a ciki. Makon jiya ta fara ɗauke ruwan zafi ana tsakar wanka, na kira Umma ina dariya, na ce tunda tafiya za mu yi, gyara zan sa a yi. Ina jin zakara na cara a bayanta. Ta tambaye ni ko har yanzu bango na yin gumi in damina ta gabato, ko mai gas na nan da rai. Sannan ta ce, "Jidda, ki sayi sabuwa. Ki sauke akwatunan nan kuma, na gan su a bayanki ranar da kika kira ni ta bidiyo."

Na ɗaga kai. Suna nan a saman kabad, ɗaure da igiya, irin ɗaurin da ta koya min.