Layin da Na Ƙara a Jawabin Ɗan Takara

Ni ɗan fari ne, kuma Innata ta riƙe kunyar ɗan fari kamar amana aka ba ta. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son wani abu daga gare ni, sai ta juya wajen matata ta ce, "Ki ce ma wancan shi kawo gero," alhali ina zaune a gabanta, gwiwata na taɓa bakin tabarmarta. Na yi karatu, na zama malamin makaranta, na rubuta littattafai biyu da aka yi rububinsu a Sakkwato har aka kusa ƙarar da kwali ɗaya, amma a gida dai ni ne wancan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana ci mini rai. Burina shi ne wata rana ta ji wani abu da ya fito daga hannuna, ta ɗaga kai ta dube ni.

Sai damar ta zo da ƙafarta a lokacin zaɓe. Ɗan kawuna, shugaban jam'iyya na mazaɓarmu, mutumin da launin hularsa ke sauyawa duk bayan shekara huɗu, ya same ni a makaranta da takardu huɗu na Turanci. Mai neman kujerar gwamna zai zo garinmu Illela, bakin iyaka, jawabinsa ne a mai da shi Hausa. Ɗan gidan manya ne a Sakkwato, amma a Abuja ya tashi, Hausarsa irin ta rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

"Kai muka so, malam," in ji ɗan kawuna. "Ka sa ma jawabin nan gishiri, shi hito irin maganarmu."

Na yi ɗan jan aji na minti biyu, sannan na karɓa da hannu biyu.

Batutuwa huɗu ne a ciki. Na farko tattalin arziki: zai mai da Illela Dubai. Mu da motar albasa ke kifewa a ramin da ke gaban tasha duk damina, mun ji daɗin wannan labari, domin ko ba komai ramin zai samu suna mai daɗi. Na biyu haraji: zai tattara rasidan kasuwa duka ya mai da su guda ɗaya. Wannan alkawari na san shi tun ina firamare, mun girma tare, shi dai bai tsufa ba. Na uku gyaran gwamnati: ma'aikatu sun yi yawa, zai rage su, kuma zai kafa sabuwar ma'aikata da za ta kula da ragewar. Duk waɗannan na juya su cikin sauƙi, na sa musu gishirin da aka nema.

Na huɗun ne ya dame ni, batun baƙi masu ƙetaro iyaka. Layi ɗaya ne tal, busasshe, wai za a tantance masu cin moriyar asibitoci da makarantun jiha. Kowa ya san iyaka ba hurumin gwamna ba ce, amma ni ba wannan ne ya dame ni ba. Ni marubuci ne, abin da ya dame ni shi ne layin ba ya da daɗin ji. Ba wanda zai tafa wa kalmar tantancewa. Na yi ta zagaye a ofishin malamai lokacin hutun tara, har layin ya sauko mini: "Duk wanda ba a ƙasar nan aka binne cibiyarsa ba, ya koma inda aka binne ta ya nemi asibiti da makaranta." Na karanta shi sau uku, na jinjina wa kaina. Na ce yau Hausa ta samu uba.

Yanzu mai karatu zai so ya san ko na manta cewa Innata 'yar Ƙonni ce, can ƙetaren iyaka. Ban manta ba. Na sani kamar yadda mutum ya san yana da ƙeya. Sai dai a wajenmu Ƙonni ba ƙasar waje ba ce, wurin da ake zuwa suna ne da ta'aziyya, da kasuwar Laraba. Ɗan kabu-kabu zai kai ka a babur ka dawo kafin a sauke tukunya. Da na rubuta "baƙo", wani mutum nake gani a raina mara fuska, mara dangi, wanda ban taɓa haɗuwa da shi ba, kuma har yau ban haɗu da shi ba.

Na sa ɗan kawuna ya ajiye wa Inna kujera a layin gaba na rumfar mata. Na roƙi matata ta lallashe ta ta zo, ta kuma raɗa mata cewa duk abin da za ta ji, wancan ne ya rubuta.

Ranar taron, da hantsi filin bai cika ba, domin mutanen Illela suna da abin yi. Ɗan kawuna bai damu ba. Ya tura 'yan kabu-kabu da motoci biyu, kafin azahar fili ya cika maƙil da jama'a masu sabuwar hular jam'iyya da kuɗin sefa na ƙetare a aljihu. Na gane da yawa daga cikinsu. Wasu ma na ci tuwo a gidajensu a Ƙonni.

Ɗan takara ya iso bayan la'asar, ya hau mumbari ya soma karatu. Dubai ta samu tafi daidai gwargwado. Rasidi guda ya samu dariya, shi kuma ya ɗauka murna ce. Ma'aikatar rage ma'aikatu ta wuce lafiya, ba wanda ya tanka. Da ya zo kan layina, ya karanta shi, ya ji nauyinsa a baki, ya ajiye takardar ya maimaita da ka, yana nuna arewa da yatsa. Mai kalangu ya ɗauka. Fili ya kaure da sowa, kuma waɗanda suka fi kowa ɗaga murya su ne waɗanda aka ɗauko a mota, tunda an gaya musu in an ji kalangu a yi ihu. Mutumin yana korarsu, suna ce masa sai ka yi.

Ni kuwa ina gefen mumbari ina ji da kaina, na leƙa rumfar mata. A can babu sowa. Tsofaffin layin gaba, kusan rabinsu daga ƙetaren iyaka aka auro su. Inna ta ɗaga kai ta dube ni. Abin da na shekara arba'in ina jira ke nan, kuma da ya zo sai na ji ina son ƙasa ta tsage in shige.

Layin bai tsaya a filin ba, ai na ce muku ya yi daɗi. Aka sa shi a rediyo, aka buga a allunan talla, motar jam'iyya ta riƙa yawo da shi a lasifika har ƙauyukan Gidan Katta da Garu. Matata ta ba ni labarin cewa a gidan wani biki, wata maƙwabciya da suka yi shekara talatin suna aron turmi da Inna ta ce mata cikin raha, "Baƙuwa, yaushe za a koma?" Aka yi dariya. Inna ma ta yi, ta ƙarasa cin goronta, ta tashi ta dawo gida. Da ciwon ƙafarta ya motsa a makon, ta ƙi zuwa asibiti. Ta ce da matata, "Ki ce ma wancan ba ni zuwa, kar in ci mashi haƙƙi."

Laraba da safe na fito zan tafi makaranta, na tarar da ita a zaure ta yi shiri, da ƙullin kaya a gefe. Ta nuna babur ɗina da haɓa. Ban tambaya ba. Muka kama hanyar Ƙonni, muka wuce shingen kwastan, muka wuce na jandarma, duk suka gaishe ta, domin ta riga su sanin hanyar.

A gidan kakana, inda ƙaninta ke zaune yanzu, ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ɗauki hauya a jikin rumbu, ta zagaya bayan wani tsohon ɗaki inda ake ɗaure awaki, ina biye. Tun kafin ta tsaya na gane. Al'ada ce da na sani sarai, har na taɓa rubuta ta a littafi: mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, a yi mata wanka a can. Takardar haihuwata ta ce Illela, domin a Illela mahaifina ya je ya karɓo ta lokacin sa ni makaranta. Ni kuma, babban masanin Hausa, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Ta nuna wani wuri kusa da turke. Sannan ta kira sunana. Cikakke, a fili, ba tare da ta juya wajen kowa ba. Ashe haka yake fita a bakinta, da ɗan jan wasalin ƙarshe irin na mutanen Ƙonni.

"Ga ta nan," ta ce, ta miƙo mini hauyar. "Nan munka binne cibiyarka, ni da kakarka. Tona abinka ka kai can, kar su kore ka. Kai kana da aiki."

Na ce, "Inna, magana ce kawai ta siyasa."

"Awo. Ai na ji. Ta yi daɗi."

Na tsaya riƙe da hauya, akuya na shinshinar wandona. Na ce ta zo mu koma gida, rana na yi. Ta gyara mayafinta, ta ɗauki ƙullin kayanta ta nufi ɗakin matar ƙaninta.

"Tahi dai," ta ce. "Tawa tana cikin gidan ga."

Ni kaɗai na dawo a babur ɗin. A shingen kwastan wani jami'i ya leƙa bayana ya ce, "Malam, ina Inna?"