Ramin Gwazar Nei Raweita

A tsibirinmu na Marakei ba a gadon ƙasar noma, yin ta ake yi da hannu, don yashi ne ko'ina. Maƙwabciyata Nei Raweita kuwa ba wanda ya kai ta iya wannan aiki. Ganyen da aka share, ɓawon kwakwa, kayan cikin kifi, tokar murhu, duk sai ta kwashe ta kai raminta na babai, ƙatuwar gwazar nan tamu da ke shekara da shekaru kafin ta nuna. Kowane gindi ta saƙa masa kwando, ta riƙa yi masa ɗura kamar jinjiri. Leda ce kawai ba ta yarda ta kusanci wurin.

Tun muna tsokanarta da "uwar bola" har muka saba. Duk wadda ta yi shara sai ta ajiye mata a ƙofa.

Akwai wani gindi da ta dasa ranar da aka haifi jikarta Tekarei, don ranar aurenta. A wurinmu abin kunya ne a yi biki ba babai daga ramin gida.

Ana saura 'yan watanni bikin, yanar ido ta kai ta asibiti a Tarawa, babban birninmu, ni na raka ta jinya. Ramin kuma ta damƙa shi hannun ƙanenta Burentau, wanda ta goya da bayanta bayan rasuwar uwarsu. Ya ce, "Haba Yaya, je ki abinki, kamar kina nan."

Ashe mutumin nan fili yake so, ya kafa rumfar sayar da giyar kwakwa. Cike rami kuwa sai da kaya. Sai ya bi gida gida yana cewa Yaya ta aiko, wai a ci gaba da kawo shara, kuma yanzu kowace iri ramin yana so. Wa zai musa? Sun saba ba ta. Bayin Allah suka yi ta jido leda, kunzugun jarirai, matattun batura, tsohon man inji, suna murna wai suna taimakon marar lafiya. Tir! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da muka dawo ko gida ba ta shiga ba, ramin ta nufa da sabon idonta. Ta tsaya, ta tattare zani, ta kutsa cikin ƙazantar tana tono da hannu. Gwazar Tekarei ta fito baƙa ƙirin, ta narke, tana wari.

Burentau na gefe yana sosa ƙeya. "Yaya, wa ke cin gwaza yanzu? Shinkafa ta cika kanti."

Ta ce, "Da sunana ka roƙa?"



Matan unguwa sun zo ban haƙuri da kwandunan ganye masu tsabta, ta yi godiya, ta ce su koma da su. Shinkafar aka ci a bikin.

Jiya na gan ta ta share tsakar gida, ta ɗauki ganyen ta nufi bakin teku ta watsa. Na ce, "Raweita, ke ce kuwa?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Bar shi ya tafi, 'yar'uwa. Ba ni da abin ciyarwa."