Takwarar Yaya Salame

Shekara goma sha takwas ke nan da aka tsinci gawar yayata Salamatu a wani kwazazzabo tsakanin Rano da Kibiya, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Ban taɓa rubuta komai a kanta a wannan fili ba, don duk abin da mutum zai faɗa an riga an faɗe shi, har da ƙari, a tasha da teburin mai shayi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne 'yarta Hafsatu, wadda ta bari tana 'yar shekara biyar, ta haihu a Kibiya a watan jiya. Mace ta samu, ta kuma roƙi a mayar mata da sunan mahaifiyarta. Dangin mijinta suka noƙe, kuma babu wanda ya buƙaci a gaya masa dalili.

A Rurum muka tashi, ita ce babba, ni ne auta. Da mijinta ya rasu ta dawo gida wajen Innarmu da goyon Hafsatu, ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya shigo gidanmu a shekarun nan ya fita da ƙamshin soyayyar gyaɗa a rigarsa. Mace ce mai baki. Ni da nake koyarwa a firamare ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Malam Alli, wai don kullum hannuna fari fat nake dawowa. In ta ga na zauna ina karanta jarida sai ta turo mini turmi, ta ce hannun da ya iya buɗe takarda ba zai gagara riƙe taɓarya ba. Na sha daka, kuma na sha ƙuli mai zafi a bakin kasko.

Lokacin ne aka ƙaddamar da Shari'a, kuma Yaya Salame na cikin waɗanda suka fi kowa murna. Ta ce yanzu mai ƙarfi zai ji tsoron taɓa marar ƙarfi. Bayan 'yan shekaru aka zo da dokar hana mata hawa acaɓa. A birni wataƙila an sami abin da ya maye gurbinsa, amma mu a Rurum babur ne motarmu. Mata suka koma zaman jiran akori-kura a bakin hanya, wani lokaci har kasuwa ta watse. Yaya ba ta taɓa zagin dokar ba. Abin da kawai take cewa shi ne matan waɗanda suka tsara ta ba su taɓa ɗauko jarkar mai daga Rurum ba.

Muna da wani ɗan uwa, Garzali, ɗan Kawunmu ƙanin Inna, mutumin Kibiya. Ɗan sanda ne mai igiya biyu, kuma taubashin Yaya ne, abokin wasanta tun suna yara. Duk inda suka haɗu sai an taru ana dariya. Shi ya ce mata baiwarsa, ita ta ce masa ɗan sandan da ko akuya bai taɓa kamawa ba. Ran da abin ya faru, ranar kasuwar Kibiya ce. Yaya ta samu ta iso tashar Rano da jarkarta da kwandon ƙuli, ta rasa motar ƙarasawa. Sai ga Garzali a babur ɗinsa, cikin kaki. Ban kasance a wurin ba, amma a makon farko duk wanda na tambaya abu ɗaya ya gaya mini. Ya sauko ya ɗauki jarkar ya ɗaure a babur, ya ce, "Na kama kaya, sai mai kaya ta biyo ni ofis." Ita kuma ta riƙe ƙugu ta ce, "Sai dai ka ja ni." Ya kama bakin gyalenta ya ja, tana turjewa tana dariya, 'yan tasha na yi musu shewa. Ta hau ne don ɗan uwanta ne, kuma don ta san babu mai tare ɗan sanda a hanya.

Ba ta isa kasuwa ba, ba ta dawo gida ba. Bayan kwanaki wasu makiyaya suka gan ta. Ba zan faɗi yadda muka same ta ba, don 'yarta na karanta jarida.

Garzali ya ce ita ta nemi ya sauke ta kafin su shiga gari, don kada a gan ta a bayan namiji a bakin kasuwa a yi da ita. Ya ce ya sauke ta da kayanta a wajen wata tsamiya, ya wuce wurin aiki. Babu wanda ya ga saukar, babu kuma wanda ya gan su tare bayan nan. An tsare shi, an sake shi, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha mai nisa. Muka yi ta zarya zuwa ofis har takalmana suka ƙare, kullum amsar ita ce ana kan bincike.

Da hukuma ta yi shiru, sai gari ya karɓi shari'ar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen da suka yi shewa a tasha. Cikin wata guda dariyar ta ɓace daga labarin. Aka bar jan gyale da turjiya, aka bar "biyo ni ofis". Baƙin da suka zo daga wasu garuruwa, waɗanda ba su san taubasai ba ne, da ma abin da suka gani ke nan, ɗan sanda na jan mace. Ba na ganin laifinsu. Amma 'yan gari da suka san wasan tun ana goyonsu su ma suka koma ba da labarin baƙin, don ya fi daɗin ji. Kafin damina ta wuce, a cikin labarin, an sa mata ankwa a hannu. Kafin shekara babur ya zama mota mai baƙin gilashi. Da zaɓe ya matso aka ce wani ɗan siyasa ne ya aike shi neman kayan tsafi, kowace jam'iyya tana nuna ɗaya. Masu neman kujera biyu suka zo har zaurenmu suka yi alkawarin tayar da maganar. Ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi, ba mu sake ganin ko ɗaya ba.

Duk wannan da mun iya haɗiyewa. Abin da ya karya mu shi ne ran da bakin mutane ya juyo kanta. Aka fara tambaya, me ya kai bazawara bayan babur ɗin ɗan sanda, alhali an hana? Daga tambaya aka koma cewa da ma akwai wani abu a tsakaninsu. Daga nan aka ce ciki ne da ita, shi ya sa ya kawar da ita. Matar da ta wanke ta ta rantse da Alƙur'ani cewa ƙarya ne, amma rantsuwarta ba ta fita daga soronmu ba. Macen da ta yi gudun kada a gan ta a bayan namiji a bakin kasuwa, in har maganar Garzali gaskiya ce, ita aka yi shekaru ana yawo da sunanta a kasuwannin Rano da Kibiya.

Inna ba ta sake taka gidan Kawu ba har ta rasu, shi ma bai sake zuwa Rurum ba. Ba su yi faɗa ba, ko kalma ɗaya mai zafi ba ta shiga tsakaninsu ba. Ciki ɗaya suka fito, kowa ya rasa da idon da zai kalli ɗan uwansa.

Za a tambaye ni abin da na yi imani da shi. Ban sani ba, kuma na gaji da rashin sanin. Wata rana in tuna yadda aka yi gaggawar ɗauke Garzali daga yankin, in ce lallai akwai abin da aka rufe. Wata rana in tuna cewa maganar sauka kafin gari ta yi kama da Yaya ƙwarai, wanda bai san ta ba ba zai ƙirƙiro ta ba, sai kuma in tuna ai ya san ta. Haka nake juyawa shekara da shekaru. Hukumar da ya kamata ta raba ni da wannan ba ta kama shi da laifi ba, ba ta kuma wanke shi ba, ta bar mu da shi, ta bar shi da mu.

Nakan yi tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga yau. Mata sun koma hawa babur a hanyar Rurum, babu mai ɗaga kai ya kalle su, dokar ta mutu ba a ko yi sanarwa ba. Na san za ta ce, "Ashe dai da na yi haƙuri." Teburin mai shayi kuma ya koma cikin waya. Kwanakin baya na ga ana yaɗa labarin wata baiwar Allah a wata jiha da ake zargin wani jami'i da kashe ta. Kafin a binne ta an riga an yanke masa hukunci, an kuma tono hotunanta ana tambayar me ya kai ta. Abin da ya ɗauki mutanenmu shekara, yanzu yini ɗaya ya isa. Na kashe wayar na fita ban-ruwan tumatir.

To, maganar suna. Da Hafsatu ta kira ni tana kuka, na shirya na tafi Kibiya wajen surukinta, Alhaji, dattijo mai mutunci da ba na jin haufin gaya masa gaskiya. Bayan gaisuwa da barka na faɗi abin da ya kawo ni. Yana jan carbi ya ce, "Malam, wallahi ba mu ce marigayiya ta yi wani abu ba. Yarinyar muke duba wa. Za ta tashi a garin nan, a ce sunan wa ta ci, a ce ai wadda ɗan sanda ya ɗauka. Ka san bakin mutanenmu."

Na ce, "Na san shi, Alhaji, a cikinsa na tsufa. Amma in muka ɓoye sunan, mun sa hannu ke nan a kan abin da suka faɗa. An kashe ta ba mu iya komai ba. Wannan kam muna iyawa."

Ya ce zai yi shawara. Na dawo gida ban san matsayinsa ba, kuma ban ƙara tuntuɓarsa ba.

Ranar suna da safe muka taru a ƙofar gidan Alhaji. Ina zama na hango Garzali a ƙarshen tabarma. Ya yi ritaya ya dawo Kibiya, ya yi furfura, ya rame. Ba a gayyace shi ba, amma ɗan uwa ba ya jiran gayya, babu kuma mai iya korarsa. Akwai fili tsakaninsa da na kusa da shi wanda mutum biyu za su zauna. A matsayina na kawun mai jego aka miƙo mini faifan goro da dabino in raba. Na bi layi har na zo kansa. Idon kowa na kaina. Na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu bai ɗago ba. Har yanzu ban sani ba ko hannun da ya kashe yayata na bai wa goro, ko na mutumin da muka zalunta shekara goma sha takwas.

Alhaji ya raɗa wa liman, liman ya yi addu'a, sannan ya ce, "An samu Salamatu." Na san abin da ke zuwa a zuciyar kowa. Sai wani tsoho mai tsire da ke bayana, wanda ban ma san sunansa ba, ya ce, "Allah sarki, Salame mai ƙuli. Tun da ta tafi ban ƙara samun ƙulin da ke kama nama kamar nata ba." Wani ya ce ai man ta ma ba ya kumfa. Aka shafa fatiha. Na sunkuyar da kai, don ban so a ga malamin makaranta yana hawaye a taron suna ba. Tun da aka binne ta, ranar ce farkon da na ji an ambaci sunanta a bainar jama'a ba a haɗa da ɗan sanda ba.

Da na shiga cikin gida na tarar mata na neman laƙabin da za a sa wa jaririyar, tunda bisa al'ada Hafsatu ba za ta iya kiran sunan mahaifiyarta ba. Wata ta ce Ummi, wata ta ce Mama. Hafsatu na zaune a bakin gado da ita a cinya, ta ce, "Ku yi haƙuri, Salamatu za a riƙa ce mata. Sunan ya daɗe a bakin waɗanda ba su san ta ba." Tsofaffin suka kalli juna, ba wadda ta musa.

Ban sa ran za a gano wanda ya kashe Yaya Salame a duniyar nan ba. Na bar wannan ga Ranar da ba a canza wa kowa wurin aiki. Abin da ya rage mana nata bai da yawa: kaskonta da ke ɗakin Inna, da tsoho ɗaya da ke tuna ɗanɗanon ƙulinta, da yarinyar nan. Nan da 'yan shekaru, in Allah ya raya ta, za a leƙo daga wani gida a Kibiya a ƙwala kiran Salamatu, kuma abin da mai kiran ke nufi kawai shi ne ta dawo gida, abinci ya sauka. Allah ya jiƙan Yaya, ya nuna mini ranar da zan ji wannan kira.