Mai Soso da Baƙin Kasko

Tun tana 'yar shekara bakwai aka daina kiran autar gidanmu da sunanta na yanka. Mai Soso ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Inna tana da doka a kan tukwane: in ba ka hango haƙoranka a gindin tukunya ba, to ba a wanke ta ba, jiƙa ta kawai aka yi. Duk 'ya'yan Inna da ƙunƙuni suke bin wannan doka, auta ce kaɗai ta karɓe ta kamar an naɗa mata sarauta. Sai ta zauna bakin famfo da toka da yashi, ta harɗe ƙafa, ta yi ta murza har yayyenta su zo suna gyara ɗaurin ɗankwali a jikin tukunyar don tsokana.

Tana aji biyar na sakandare ta ci jarrabawar musayar ɗalibai, aka ce za ta yi wata goma a wata ƙasa, a gidan mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ranar tafiya kowa ya yi mata nasiha, amma ta Inna ce ta zauna mata a rai.

"Kada ki je ki naɗe hannu a gidan mutane kamar wata baƙuwa," in ji Inna tana gyara mata zif ɗin jaka. "Ki nemi aiki ki kama, su san 'ya suka samu."

Gidan da aka kai ta yana hawa na uku, tagar ɗakinta tana kallon wurin tsayawar bas. Matar gidan direbar bas ce, ƙatuwar mace mai murya kamar hon, mai ciwon gwiwa. Ranar farko ta ce a riƙa kiranta da sunanta kai tsaye. Mai Soso ta gwada, harshenta ya ƙi. Ta ce a bar ta ta riƙa cewa Gwaggo, ta yi bayanin cewa haka ake kiran 'yar'uwar uba. Matar ta maimaita kalmar sau uku tana dariya, ta ce ta karɓa. Tana da 'ya guda, tsarar Mai Soso, wadda agogo biyu ba sa tayar da ita. Mai Soso ta sa mata suna Sarkin Barci, ajinsu ɗaya.

Makarantar kuwa sai da ta juya mata kai. A can ba malami ke zuwa aji ba, ɗalibai ne ke bin malamai ɗaki-ɗaki, kowa da jaka a baya ana ta tsere a baranda. Kwana uku tana faɗa da makullin akwatin ajiye littattafanta. Ranar farko da malamin kimiyya ya shigo ta miƙe tsaye zumbur, ta waiga ta ga ita kaɗai ce a tsaye, malamin yana tambayarta ko fita take so ta yi. Yaren ta karanta shi a gida, amma nan da gudu suke yin sa. Sai ta koma kujerar baya ta kulle bakinta, ko ta san amsa ba ta ɗaga hannu.

A gida ta so ta huce, can ma ba dama. Kwanuka inji ke wanke su. Tufafi inji. Shara ma wani inji ne mai kuka ke zuƙe ta. Da ta miƙa hannu za ta ɗauki ko da cokali ne, sai Gwaggo Direba ta daka mata tsawar ƙauna: "Ajiye! Ke baƙuwarmu ce, zauna ki huta." Kalmar da Inna ta hana, ita ake jifanta da ita safe da yamma, da fara'a kuwa.

Ga kuma abin da ke ci mata rai. In an cika mako shida jami'ar shirin za ta zo, ta tambayi mai gida ta tambayi ɗaliba, ko za a ci gaba da zama ko a sauya gida. An riga an ɗauke wata da suka zo tare an kai ta wani gari. Mai Soso ba ta son barin gidan nan. Tana son tagarta, tana son surutun Sarkin Barci, tana son yadda Gwaggo ke danna mata hon in bas ɗinta ya wuce ƙasan bene. Amma a ganinta wa zai riƙe yarinyar da sai dai ta ci ta kwanta?

Tun zuwanta akwai abin da ya tsone mata ido a kicin: wani kaskon suya na ƙarfe, mai nauyi kamar dutsen niƙa, baƙi ƙirin ciki da waje. Shi kaɗai ba a sa shi a inji. Gwaggo takan soya ƙwai a ciki, ta goge shi da tsumma, ta rataye. Mai Soso ta ce a ranta, baiwar Allah, ciwon gwiwa ya hana ta tsayuwa ta wanke shi, 'yar kuma ba ta da aiki sai barci.

Wata Asabar Gwaggo ta fita aiki, Sarkin Barci tana kan sana'arta. Mai Soso ta samo soson ƙarfe a ƙarƙashin famfo, ta naɗe hannun riga. Awa uku ta yi. Baƙin ya yi taurin kai, ita ma ta yi. Ta kankare da wuƙa, ta murza, ta ɗauraye, ta sake murzawa, har yatsunta suka yi jawur. Da ta gama, kaskon ya fito fari-fari kamar yau aka ƙera shi. Ta kife shi ya tsane, ta koma ɗaki tana jin kanta kamar wadda ta ci jarrabawa.

Kafin la'asar tsatsa ta fara yi masa ɗigo-ɗigo.

Gwaggo Direba ta shigo tana rera waƙa, ta shiga kicin, sai waƙar ta yanke. Mai Soso ta leƙo tana murmushi. Ta tarar da ita zaune a kujera, kaskon a cinya, tana shafa shi da tafin hannu. Can Gwaggo ta miƙe. Ta rataye shi ta shige ɗakinta.

"Kin kashe mu," in ji Sarkin Barci, ta dafe kai. "Na kakata ne fa! Baƙin nan ba datti ba ne, mai ne da wuta, shekara arba'in. Shi ke hana abinci kamawa. Ni da aka haifa a gidan nan ko sabulu ban isa in nuna masa ba."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Wa ya san akwai mahalukin da zai tashi ranar hutu ya nemi faɗa da kasko?"

Washegari Gwaggo ta fasa ƙwai a ciki, ya manne kamar an sa masa gam. Aka koma kan burodi da shayi. Saura kwana biyar jami'ar shirin ta zo. Mai Soso ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado ta duba ko zif ɗin yana aiki.

Ranar Litinin, ana tsakiyar darasin kimiyya, hannunta ya ɗaga kansa. Malamin ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Malam, in mutum ya cire baƙin jikin kaskon ƙarfe, yaya ake mayar da shi?"

"Wane marar tausayi ne ya cire?"

"Ni ce, Malam."

Ajin ya kwashe da dariya, har da masu buga tebur. Sarkin Barci ta miƙe ta ba da labarin da ƙarin gishiri, ta ce awa bakwai aka yi ana gwabzawa. Malamin ya share allo ya bar darasin ranar, ya zana yadda mai ke kama ƙarfe in ya sha wuta: a kankare tsatsa, a busar, a shafa mai kaɗan, a goge kamar ba a so ya zauna, a gasa awa guda, a bari ya huce, a sake. Wata ta ce kakarta da man gyaɗa take yi, wani ya ce ƙarya ne, aka kaure da gardama. Mai Soso ta tsinci kanta a tsakiya tana ba da amsa, yaren yana fita da gudu bai ko nemi izininta ba. Da aka tashi cin abinci teburinta ya cika.

Da yamma ta sami Gwaggo a kicin, ta durƙusa har ƙasa, takardar da ta kwafe bayanin malam a hannunta. "Gwaggo, ki yafe mini. Na ɗauka datti ne."

Gwaggo Direba ba ta taɓa ganin an durƙusa mata ba. Ta zaci yarinyar faɗuwa ta yi, ta yi wuf ta durƙuso ita ma, gwiwar ta ce ƙas. Ga su nan su biyu a ƙasan kicin, babbar ta kasa tashi.

"Ja ni, 'yar nema! Kin gama da kaskon uwata, yanzu kuma gwiwata kike so?"

Sai da Sarkin Barci ta kama hannu ɗaya aka ɗaga ta, ana dariya har da hawaye. Gwaggo ta karanta takardar, ta yi tsaki. "Malamin naku ya san allo, bai san kasko ba. Ya manta a kife ake gasa shi." Ta share ido da bayan hannu. "Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni ma wata guda ina hana ki taɓa ko tsinke. Ɗauko man can. Ba wannan ba, na bayansa! Ke ba ki da ido ne?"

Mai Soso ta ce duk zamanta a ƙasar ba ta ji magana mai daɗin wannan faɗan ba.

Kullum in an taso makaranta sai a shafa mai a gasa. Kaskon ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa. Ranar Juma'a ta cika masa mai don ya yi sauri, hayaƙi ya turnuƙe kicin, na'urar gobara ta kama ihu. Daidai nan jami'ar shirin ta ƙwanƙwasa ƙofa, da fayil a hammata.

"Buɗe taga!" Gwaggo ke kwarma tana kaɗa tawul. "Sau nawa zan ce miki kaɗan? Kunnen ƙashi gare ki!"

Jami'ar ta zauna a gefen kujera tana tari. Ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta ce a hankali in zaman bai yi ba akwai wani gida da ke jira.

"A kai ta ina?" in ji Gwaggo Direba. "Kaskon ko rabin hanya bai kai ba. Ke za ki zo ki ƙarasa mini? Kawo in sa hannu." Ta karɓi fom ɗin ta rattaba, ta bar shatin babban yatsa na mai a gefen takardar. Daga ranar suyar ƙwan safe ta koma hannun Mai Soso, da fitar da shara, da tayar da Sarkin Barci, wanda ya fi duka wuya.

Bayan wata goma ta dawo mana da tsayi, da surutu, da wani ƙaramin kasko da Gwaggo ta saya sabo suka yi rainonsa tare har ya yi baƙi, ta ce a kai wa Inna tsaraba. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta juya shi ta dubi gindinsa, ta karce da farce.

"Matar nan 'yar kirki ce, Allah Ya saka mata," in ji ta. "Sai dai wanke-wanke ne bai dame ta ba. Ke, miƙo mini toka."

Mai Soso ta yi tsalle ɗaya ta fizge kaskon ta rungume. Har yau a cikin akwatinta yake kwana, makullin kuma a wuyanta, don Inna ba ta haƙura ba.