Ranar da Mutum-mutumi Ya Kori Sufeto

Tun da boko ya shigo ƙasar Kabi, ban san wani malami da ya fito da ma'anar kalmar Turanci fili kamar yadda na fito da ma'anar “deter” ba. Ranar ba ta taɓa gushe mini a rai ba, kuma ku sababbin malamai ya kamata ku ji ta daga bakina kafin wasu su ƙara mata gishiri.

Lokacin ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a bayan garin Argungu, na kuma daɗe a mataki ɗaya har abokan karatuna sun fara gaishe ni da tausayi. Ga wanda bai san tsarin ba: malami ba ya samun ƙarin girma sai sufeto ya zo daga Birnin Kebbi, ya zauna a bayan aji, ya kalli darasi daga farko har ƙarshe, ya rubuta rahoto. In ranarka ta wuce, sai baɗi.

Aka aiko cewa sufeto Malam Garba zai zo ajina ranar Talata da ƙarfe goma. Na zaɓi kalmar “deter” ta zama darasin ranar. Ma'anarta ita ce ka sa mutum ya fasa abin da ya yi niyya saboda tsoron abin da zai biyo baya. Ba ka riƙe hannunsa ba, ba ka rufe masa ƙofa ba. Shi da kansa ya duba, ya juya.

Ƙa'ida ta ce darasin gaban sufeto sai da abin nunawa. Sai na ciro mutum-mutumin da ke tsaron shinkafar makaranta a fadama, mai korar tsuntsayen jan-baki. Shugaban makaranta, Malam Sahabi, ya ci karo da ni ina saɓe da shi.

“Malam, mi kaka yi da wanga tsumma?”

“Ranka ya daɗe, kayan aiki ne.”

“Baƙo zai taho tun daga Birni ka nuna mishi tsumma? Su ce makarantarmu ko abin tsoro na kirki ba ta da shi? A sa mishi tufa.”

Umarnin shugaba umarni ne. Na sa masa babbar rigata ta Sallah da hula. Malam Sahabi ya ba da aron baƙin tabarau, aka maƙala a ƙwaryar da ke matsayin kai. Muka zaunar da shi a kujera a bayan aji, da niyyar sai tsakiyar darasi in nuna shi. Da ya riƙa zamewa, na tokare shi da babban fayil a cinya.

Goma ta yi, ba sufeto. Na hana ɗalibai buɗe littafi, don kada darasin ya huce kafin mai shi ya iso. Sha ɗaya saura, na ji ƙarar babur ta tsaya a bayan taga. Na gyara tsayuwa, na ɗauki alli. Jim kaɗan babur ɗin ya sake tashi, ƙararsa ta yi nisa, ta ɓace. Muka zauna, ni da ɗalibai da mai babbar riga, har aka kaɗa ƙararrawa.

Bayan mako biyu na hau mota zuwa Birnin Kebbi in ji laifina. Malam Garba na ganina ya ja ni bayan ofis, ya rage murya.

“Malam, tsakaninka da Allah, Darakta ya tambaye ni?”

Daraktan nan na ma'aikatar ilimi kowa ya san shi da baƙin tabarau da dirar ba-zata a makarantu, kuma duk sufeton da ya kama ya makara, can bakin iyaka yake tura shi. Malam Garba kuwa ya tsaya cinikin kifi a kasuwar Argungu ranar, ya iso da giwan ruwa ɗaure a bayan babur.

“Na leƙo ta taga,” ya ce, “na gan shi zamne da fayil. Ko motsi bai yi. Kai ka san in ya yi shirun nan, an gama.”

Na buɗe baki in gaya masa gaskiya. Sai ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini. Rahotona ne, da sa hannunsa, mai kwanan watan Talatar nan, ƙarfe goma daidai. Ya rubuta cewa malamin ya mallaki aji, bayaninsa ya fita sarai, ɗalibai sun natsu. Maganar natsuwa gaskiya ce.

“In ya tambaye ka,” in ji Malam Garba, “ina daga wajen taga tun farko.”

“Bai ce komai ba,” na ce. “Har muka tashi bai buɗe baki ba.”

“Haka yake,” in ji Malam Garba. “Mugun mutum.”

Takardar ƙarin girmana ta fito kafin ƙarshen zango. Abin da na koya shi ne, aikin gwamnati rabinsa tsoron wanda ba ya wurin ne ke tafiyar da shi, kuma malami nagari darasinsa yakan kai har ga wanda bai shigo aji ba. Darasin dai har na yi ritaya ban koyar da shi ba.