Kada Ya Wuce Ɗari Huɗu

Duk wanda ya yi tuƙi a hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa a shekarun baya ya san garajin Ɗan Azumi da ke bakin tashar Madarunfa. Garaji dai suna ne kawai. Rumfar kwano ce, da rami, da wani tsohon benci da baƙin mai ya cinye. Amma can ake kai motar da ta gagari masu gyaran Maraɗi. Har direbobin Jibiya sukan tsallako da tasu, su da suke ganin ba a iya komai a wannan ɓangaren.

Kunne Allah ya ba mutumin nan. Zai ce a tada mota, ya ɗauki dogon ƙarfe ya dafa baki ɗaya a jikin inji, ɗayan a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya ɗago ya ce, "Ta ukku ce ba ta cin wuta." A kwance buji na uku a tarar da shi baƙi ƙirin. Kuma bai taɓa canza wa mutum abin da bai lalace ba. In gardama ta kaure a tasha, ƙarshenta a ce, "A kai ma Ɗan Azumi, abin da ya hwaɗi shi ke nan." Gidansa na laka ne, babur ɗinsa ya tsufa, amma maganarsa ba a sake auna ta. Dukiyarsa ke nan.

Bai yi lakwal ba, wato boko. Lambobi a tasha ya koye su, tun yana karɓar kuɗin fasinja, kuma ya koye su yadda kowa ke faɗarsu a nan, wato da dala, kowace dala tana daidai da faran biyar na sefa. In ya ga 500 a rubuce, ɗari ce. In ya ga 250, hamsin ce. Ba lissafi yake yi ba, idonsa ne ya saba. A wajen aikinsa kuwa lamba ba ta taɓa tare masa hanya ba: ƙarafan kwance noti da ido yake gane su, ma'aunin zafin mota kuma allura ce, in ta doshi ja a kashe. Shekara talatin yana haka, shi kansa bai san akwai wata hanyar karanta lamba ba.

Sai Alhaji Ashiru ya sayi jirgi.

Alhaji Ashiru ɗan Madarunfa ne da fataucin wake da manyan motoci suka ɗaga, kuma Ɗan Azumi ne ke duba masa motoci tun yana da guda ɗaya. Jirgin ƙarami ne, mai kujera huɗu da farfela a hanci, an yi amfani da shi a wata ƙasa kafin ya iso. Alhaji ya ce hanyar Yamai ce ta gajiyar da shi. Hanyar da gajiya, gaskiya ne, amma kowa ya san har da son a faɗa. Ya ɗauki matuƙi, wani matashi mai ladabi, Ibrahim, da ke zaune a Yamai. Aka kafa wa jirgin rumfa a gefen filin jirgin Maraɗi. Shi Ɗan Azumi aka ɗora masa tsaro da shara da tada injin duk Alhamis, don Alhaji ya ce ƙarfen da ya kwanta ya mutu.

Ba a jima ba ma'aunin zafin injin ya daina aiki. Ibrahim ya ce ba zai sake tashi ba sai an sa sabo, tunda injin jirgi ba ya shan ruwa kamar na mota, iska ce kaɗai ke sanyaya shi. Ya zo zauren Alhaji da hotunan ma'aunai biyu a wayar salula. Ranar zauren cike yake da 'yan kasuwa, ana shan shayi.

Na farko mai allura ne, da launi uku: tsanwa, rawaya, ja. Silinda ɗaya kawai yake dubawa, wadda ta fi saurin ɗaukar zafi. Na biyun ba allura, lambobi ne ke fitowa. Yana duba silinda huɗun ɗaya bayan ɗaya, da zafin hayaƙi da na mai, kuma duk abin da ya gani yana ajiyewa a cikinsa, a zo a zare daga baya.

"Ni kowanne aka sa zan iya tashi da shi," in ji Ibrahim. "Na biyun ya fi gani. Amma Baba ne zai riƙa kallonsa duk mako, gara a ji ta bakinsa."

Alhaji ya miƙa salular. "Ɗan Azumi, kai ka zaɓe. Ni ban san komi ba sai biya."

Idon Ɗan Azumi ya tsaya a kan mai allura. Ya san shi. Irinsa yake kallo tun gemunsa bai fito ba. Har ya buɗe baki, sai wani dillalin albasa da ke jingine da bango ya yi dariya.

"Alhaji, ku ba shi mai allura, irin na tsohuwar Pijo. Wanga mai lamba sai 'yan lakwal. Kada tsoho ya ɗauka talabijin ce ya zamna kallo."

Zaure ya ɗauki dariya. Ba wata muguwar dariya ba ce, irin ta shayi ce. Amma mutumin da aka saba yi wa shiru in zai yi magana, ita ma ta ishe shi. Ya ɗora yatsa a kan na biyun.

"Wanga za a sa. Lamba mi gare ta? Tun ba a haifi wasu ba nike karanta lamba."

Shi ke nan fa. Dillalin albasa ya zaɓa wa jirgi ma'auni, shi da ko keke bai iya ɗaure wa sarƙa ba. Kuma cikin mazan nan cike da zaure ba a sami ɗaya da ya rubuta lamba a takarda ya ce, "To karanta mu ji" ba.

Wani ƙwararre ya zo daga Yamai ya ɗaura abin, ya cire tsofaffin allurai. Ibrahim ya shigar da Ɗan Azumi ya zaunar da shi a kujerar matuƙi, ya nuna masa yadda ake taka birki da yadda ake ƙara wuta.

"Baba, ka ga lambar nan? Zafin silinda ce, da ma'aunin Amurka. Ka bar shi ya yi zafi sosai, har mai ya saki jiki. Abu ɗaya dai: kada ya wuce ɗari huɗu. Ka gane?"

"Na gane, ɗana."

Kuma ya gane, ta hanyarsa. Ɗari huɗu ya san kamanninta: biyu da sifili uku.

Bayan sati biyu Ibrahim ya tafi sabunta takardunsa, daga nan rashin lafiyar mahaifiyarsa ya riƙe shi. Wata uku jirgi bai tashi ba, kuma watannin bazara ne, lokacin da ko jaki neman inuwa yake. Duk Alhamis Ɗan Azumi ya hau babur ya je Maraɗi, ya turo jirgi waje, ya tada. Lamba ta hau, ta hau, ta kai 400. Ya ce tamanin. Ta kai 450, ya ce casa'in. Ina casa'in ina ɗari huɗu? Yaro ya ce a bar shi ya yi zafi sosai, ga shi ko rubu'i bai kai ba. Sai ya ƙara wuta, ya ƙara lokaci.

Kunnensa bai yaudare shi ba, wannan shi ne abin takaicin. Tun Alhamis ta biyu ya ji wani ƙas-ƙas siriri a ƙarƙashin rugugin, irin wanda in ya ji a mota zai daka wa direba tsawa ya kashe. Ya ji ƙaurin fenti. Da ya sauko ya kai hannu kusa da murfin injin, sai da ya janye. Lambar ma ƙiftawa take yi. Ya kira Alhaji.

"Ranka shi daɗe, abin nan ƙibtawa yakai, kuma ban son kukan da nike ji."

"Nawa ya nuna?"

"Casa'in da ukku."

"Casa'in da ukku? Haba Ɗan Azumi! Ko kamiyona ya fi haka in ya hau tudu. Kukan jirgi daban da na mota. Kai dai bi na'ura."

Ya bi na'ura. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gaskata kunnensa a kan maganar kowa, ya zauna cikin zufa yana jin inji na kuka, yana ce wa kansa shi ne bai waye ba.

Da Ibrahim ya dawo farkon damina, minti biyu ya yi da tada injin ya kashe. Ya zare abin da na'urar ta ajiye ya buɗe a ordinata, wato kwamfuta, a gaban Alhaji da mutanensa. Alhamis goma sha biyu, ga su a jere. 450, 465, wata rana har 480. Silinda biyu sun ƙone, sauran ma ba a yarda da su ba.

"Alhaji, wa ya ce maka casa'in?" in ji shi. "Abin nan kullum sai ya haura ɗari huɗu da hamsin."

Aka juyo ga Ɗan Azumi. Ya rantse da Allah casa'in ya gani. Ya sake rantsewa. Ibrahim ya sunkuyar da kai don kunya, bai nuna masa allon ba, shi kuma bai matsa ya duba ba. Alhaji ya miƙe ya kaɗe riga.

"Ƙona injin bai yi mini zahi ba kamar ƙaryar. Tun ina da mota guda nike tare da kai. Tahi, na yahe, amma kada in sake ganinka wurin ƙarhena."

Kafin la'asar labari ya riga shi isa Madarunfa. Ba a ce ya yi kuskure ba, cewa aka yi ya yi ƙarya har da rantsuwa. Motoci suka fara wuce rumfarsa. Wanda ya tsaya ma, in ya ce buji ne, sai ya ji an ce, "Bari dai in kai Maraɗi a sake dubawa."

Matarsa Zuwaira ce ta warware abin, bayan wata guda yana zaune a tsakar gida ba ya cin tuwon kirki. Ita ta yi aji shida kafin a cire ta. Ta ajiye tsintsiya ta tsaya a kansa.

"Maigida, wai casa'in ɗin nan taka, rubuta mini ita."

Ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa: huɗu, biyar, sifili.

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wagga ita ce casa'in? Zahin inji ka ƙirga da dala? An ce maka goro jirgin ka saidawa?"

Ya sake duban lambar. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe ban yi ƙarya ba."

"Ba ka yi ba. Tashi ka sa riga."

Ya sami Alhaji shi kaɗai bayan azahar, ya durƙusa ya zana masa lambar a tafin hannu, ya yi bayani. Alhaji ya gane sarai, don shi ma da dala ya girma. Kuma ya tuna wanda aka kira aka ce na'ura tana ƙiftawa, ya ce a bi ta.

"Ɗan Azumi, na zalunce ka," in ji shi. "Amma dubi nan. In wagga magana ta hita, ba kai ɗai za a yi ma dariya ba. Za a ce Alhaji Ashiru ya sai jirgi, da shi da mai gyaransa ba wanda ya iya karanta lamba. Daga nan har Katsina sai an yi mini waƙa. Ka rufa mini asiri, a bar ta nan."

Da ya ce, "Alhaji, sunana fa?" da wataƙila an sami wata mafita. Bai ce ba. Ya dubi mutumin da suka yi shekaru tare, ya ji nauyinsa, ya ce, "An bar ta."

Alhaji ya sayar da jirgin yadda yake, ya koma hawa mota, girmansa bai ragu da ƙwayar gero ba. Bai mayar wa Ɗan Azumi da motocinsa ba, wai kada mutane su tambayi dalili. Rumfar tasha ta koma hannun mai sayar da taya. Yanzu Ɗan Azumi injinan ban ruwa yake gyara wa masu lambu a bakin tafki, yana tafe da ƙarfensa a ɗaure bayan babur. Ya haura sittin. Kunnen yana nan yadda yake.

Zuwaira dai ta ce ita ba ta durƙusa gaban kowa ba, ba ta kuma yi wa kowa alkawari ba. A gidan suna, a wurin niƙa, a layin famfo, duk inda mata suka kai uku sai ta zana lambar nan a ƙasa ta ba da labari. Wasu su yarda, wasu su ce mace ce ke kare mijinta. Rannan wani mai lambu daga Safo ya tare shi yana tsugune gaban inji.

"Baba, wai gaskiya ne abin da iyalinka ka hwaɗi? Da dala ka ƙirga zahin jirgi?"

Ɗan Azumi bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza noti.

"Maganar mata ce," ya ce. "Ja igiyar injin mu ji."